Neman ƙwayar gado ɗaya a cikin ruwan mayanka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a nan Legas. A Agege aka haife ni, mahaifina dillalin shanu ne. Na ɗebi ruwan lambatun da ke fitowa daga wata mayanka, na fitar da DNA na duk abin da ke ciki, aka karanta mini shi da injin Illumina: gutsure tagwaye miliyan 40, kowanne harafi 150. Abin da nake nema kawai shi ne ƙwayoyin gadon da ke sa bakteriya ta bijire wa magani, musamman blaCTX-M da blaNDM. Na sa metaSPAdes, manhajar haɗa gutsattsarin, kwamfutata mai RAM 16 ta sume. MEGAHIT ta gama bayan kwana biyu, amma CTX-M ta fito guntu-guntu, NDM kuwa ko ƙyallinta ban gani ba. Wani ya ce in gwada wata manhajar mai suna Xander. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yi wa karatu albarka. Kafin mu je ga Xander, rufe kwamfutar ki ɗauko biro da takarda, domin rabin amsarki lissafi ne na minti biyar, wanda da an yi shi tun kafin a biya kuɗin karatun DNA, da an rage wahala.

Tagwaye miliyan 40 gutsure miliyan 80 ke nan. Ki ninka da 150, kin sami harafi biliyan 12. A kunne kamar dukiya. Amma ruwan mayanka ne, akwai tsokar nama da jini da kayan tumbi a ciki, kuma injin bai san wanda kike nema ba, duk wanda ya shigo hannunsa karantawa yake yi. DNA ɗin saniya ya kai harafi biliyan 2.7, na E. coli kuwa wajen miliyan 5 ne. Mu ƙaddara rabin abin da kika biya kuɗinsa na shanu ne (ke za ki auna na gaskiya, ni misali nake yi). Saura biliyan 6. A cikin wannan ma, 'yan tumbi irin su Prevotella za su kwashe kaso mai tsoka. To, a ce bakteriyar da ke ɗauke da abin da kike nema ita ce kashi ɗaya cikin dubu na abin da ya rage. Rabonta harafi miliyan 6, tsawon DNA ɗinta miliyan 5, wato an karanta kowane harafi nata sau 1.2 a matsakaici. Wannan shi muke kira zurfi. Tsawon blaCTX-M-15 harafi 876 ne, saboda haka gutsure bakwai ne kacal za su faɗo a kanta cikin miliyan 80. Kuma ba a jere suke faɗowa ba, kamar yayyafi ne, wani wuri ya jiƙe sau biyu wani ya zauna a bushe. Lissafin da Lander da Waterman suka fitar a 1988 ya nuna cewa a zurfin 1.2, kusan kashi 30 cikin ɗari na wurin ba a taɓa shi ba sam. Babu manhajar da za ta haɗa miki abin da injin bai karanta ba. Wadda duk ta ce ta haɗa, ƙirƙira ta yi.

Na fara da wannan ne don kada ki ɓata wata guda kina sauya manhaja alhali matsalar tana cikin kwalbar ruwan.

Yanzu yadda MEGAHIT da metaSPAdes ke aiki, don ki gane inda suke tuntuɓe. Kin taɓa ganin tsofaffin littattafan malamanmu na rubutun hannu, waɗanda ba a ɗinke su, warƙa-warƙa a cikin gafaka? A ƙasan shafi marubucin yakan rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, don ko iska ta watsa takardun, almajiri ya iya mayar da su a jere. Manhajar haɗawa haka take yi, sai dai ita tana yanka kowane gutsure zuwa ƙananan yanka masu tsawon k, ta haɗa duk yanka biyun da ƙarshen ɗaya ya zama farkon ɗaya. Abin da ke fitowa shi ake kira taswirar de Bruijn, da sunan wani masanin lissafi ɗan ƙasar Holan. Idan littafi ɗaya ne, taswirar miƙaƙƙiyar hanya ce. Ke kuwa littattafai dubbai aka watsa a ɗaki ɗaya, wasu kwafi ɗari, wasu rabin kwafi, kuma da yawansu sun yi tarayya a shafuka iri ɗaya.

Shi k ɗin nan takobi ne mai kaifi biyu. Gutsure mai harafi 150 yana ba da yanka 106 idan k ya zama 45, amma 52 kawai idan k ya zama 99. Babban k yana raba hanyoyin da suka sarƙe, amma yana cinye zurfi, ya tsinka hanyar ƙwayar da dama ba ta da yawa. Ƙaramin k yana riƙe marasa yawa, amma sai kowa ya shiga gidan kowa. Shi ya sa MEGAHIT take farawa daga 21 ta hau har 141. Kuma duk yankan da aka gani sau ɗaya tak, manhaja tana yi masa kallon kuskuren inji. Ki tuna gutsure bakwai ɗin nan namu. Yawancin yankansu sau ɗaya za a gan su.

Sumewar kwamfutarki ba abin mamaki ba ne. metaSPAdes tana ɗora taswirar duka a ƙwaƙwalwa, MEGAHIT kuwa matsatstsiyar taswira take ginawa, shi ya sa ta kai labari.

Ƙarancin zurfin nan shi ne cuta ta farko. Cuta ta biyu ita ce ta fi ban haushi, domin tana kama ƙwayar da ke da yawa, ba maras yawa ba. Ki tsaya a tsakiyar gadar Third Mainland da safe. Motoci sun hau daga Oworonshoki, wasu daga Ketu suka taso, wasu Oshodi, wasu Gbagada. A can gaba wasu za su sauka Adeniji, wasu su wuce Obalende. Ke da kike tsakiyar gada, idonki bai kai farkonta ba bai kai ƙarshenta ba, ba za ki iya cewa motar Ketu ce ta tafi Obalende ba. Ƙwayar bijire wa magani ita ce gadar. Tana yawo a kan filasmid, wato ɗan zoben DNA da bakteriya ke miƙa wa juna, tana tsalle daga E. coli zuwa Klebsiella, kowane gida da irin maƙwabtan da ta samu dama da hagu, ga guntayen DNA 'yan tsalle irin su IS26 kewaye da ita waɗanda su ma kwafinsu ya cika ko'ina. Tsawonta ya fi 800, idon gutsurenki 150 ne, tagwayen ma tazararsu 'yan ɗaruruwa ce. Da manhaja ta iso mararraba ta rasa wadda za ta bi, sai ta yanke zaren a nan. Idan kuma akwai 'yan'uwan juna biyu ko uku na ƙwayar a cikin ruwan, sai mararrabar ta shigo har tsakiyarta, ta fito guntu-guntu kamar yadda kika gani.

Alamar cututtukan biyu ɗaya ce, maganinsu daban. Ga yadda za ki raba su, kuma yau ɗin nan za ki iya. Ki tsabtace gutsattsarin da fastp, za ta yanke ragowar adafta, wato guntayen da ake manna wa DNA kafin a karanta shi, da wutsiyar G-G-G da injinan NovaSeq da NextSeq ke bari. Ki jera su a kan DNA ɗin saniya da Bowtie2, ki zubar da duk wanda ya manne. Abin da ya rage ki jera shi kai tsaye a kan ma'ajiyar ResFinder ta Jami'ar Fasaha ta Danmak, da manhajarsu KMA wadda aka gina musamman don ma'ajiyar da ke cike da 'yan'uwa masu kama da juna. CARD ta Jami'ar McMaster a Kanada ma tana yi. Sai ki duba abu biyu ga kowace ƙwaya: kashi nawa na tsawonta aka rufe, kuma sau nawa. Idan CTX-M ta rufu daga farko har ƙarshe da zurfin 30 ko 50, matsalarki gada ce. Idan NDM, mai harafi 813, ta sami gutsure uku a warwatse, matsalarki yayyafi ce, kuma abin da za ki iya rubutawa shi ne an ga alamarta, ba an haɗa ta ba.

A nan zan saɓa wa wanda ya ba ki shawara. Ga CTX-M da NDM, ba ki buƙatar Xander. Waɗannan sanannu ne, an rubuta su harafi-harafi, kuma wadda ke cikin ruwanki ba za ta bambanta da ta ma'ajiya ba sai da harafi ɗaya ko biyu. Mutumin da kike da hotonsa a hannu ba a nemansa da kwatance.

Kwatance yana amfani ne idan dangi kike nema ba mutum ba. Ki tambayi Baba yadda yake gane bokolo daga rahaji tun daga nesa, ko da bai taɓa ganin wannan saniyar ba. Ba saniya ɗaya ya haddace ba. Ya ga dubbai, ya san abin da ba ya sauyawa a jinsin, kamar ƙirar ƙaho da tozo da leɓe, ya kuma san abin da ke sauyawa ba tare da ya ɓata jinsi ba, kamar ƙiba ko tabo a cinya. Abin da muke kira HMM ke nan, wato ma'aunin kamannin dangi. Ana jera furotin ɗari ko dubu na dangi ɗaya, a ƙirga a kowane gurbi wane amino asid, wato tubalin furotin, ya saba zama a nan, ina ake yarda da ƙari, ina ake yarda da giɓi. Manhajar HMMER ta Sean Eddy ita ce ke gina wannan ma'auni ta kuma yi bincike da shi, ma'ajiyar Pfam kuwa cike take da waɗanda aka riga aka gina. Ana yin aikin a matakin furotin ne saboda harafi uku ke ba da amino asid ɗaya, kuma na ukun yakan sauya ba tare da furotin ya sauya ba. Dangin da DNA ɗinsu ya yi nisa da juna, furotin ɗinsu na nan da kama.

Saboda haka idan wata rana tambayarki ta zama ko akwai sababbin 'yan'uwan NDM da ba a taɓa rubutawa ba a wannan ruwa, ko kika koma neman alkB mai cin man fetur a lakar Apapa, ko nifH mai kama naitirojin a gonar wake, a nan ne haɗawa mai manufa take da ranarta. Hanyoyinta uku ne, kuma ba daidai nake ganinsu ba.

Ta farko ita ce a tankaɗe sannan a tuƙa. Ki juya kowane gutsure zuwa furotin ta fuskoki shida, uku gaba uku baya, ki auna shi da HMM ko ki neme shi da DIAMOND a kan ƙaramar ma'ajiya ta dangin da kike so. Wanda ya yi kama ki ɗauke shi tare da tagwayensa, ko da shi tagwayen bai yi kama ba, domin shi ne zai kai ki gefe. Daga miliyan 80 sai ki koma 'yan dubbai, kuma SPAdes ɗin da ta sumar miki da kwamfuta za ta gama da su kafin ruwan shayi ya tafasa. Manhajar fARGene, wadda masu bincike a Gotenbag ta ƙasar Suwidin suka fitar a 2019, haka take yi, kuma don ƙwayoyin bijire wa magani aka yi ta. Rauninta a rariyar yake. Harafi 150 amino asid 50 ne kawai, kuma gutsuren da ya faɗo a bakin ƙwayar rabinsa ne ke ciki, sai makinsa ya yi ƙasa a zubar da shi. Shi ya sa ake samun tsakiya lafiya, kai da wutsiya a gutsure. Ki sassauta rariyar a zagayen farko, ki tsaurara a ƙarshe bayan an haɗa. Tsakuwa kaɗan a cikin gari ba ta hana tuwo, amma garin da aka zubar ba ya dawowa. Sannan ki ɗauki abin da kika haɗa ki sake kamun gutsattsari da shi, zagaye biyu ko uku, kowane zagaye zai ƙara miki tsawo a gefe. Ni da wannan hanya nake farawa kullum, kuma sau da yawa a nan nake tsayawa.

Ta biyu ita ce ta Xander, wadda ta fito a 2015 daga Jami'ar Jihar Mishigan a Amurka. Dabarar tana da kyau ƙwarai, ko ba za ki yi amfani da ita ba ya kamata ki fahimce ta. Ba ta tankaɗe komai. Tana zuba yankan duka a cikin wata matsatstsiyar ma'ajiya da ake kira matatar Bloom, wadda tambaya ɗaya take amsawa: wannan yanka yana nan ko babu? Sai ta nemi iri, wato yanka mai harafi 45, amino asid 15 ke nan, wanda ya yi daidai da wani sanannen ɗan dangi. Daga wannan iri take fara tafiya a kan taswira, harafi uku-uku, da HMM ɗaya zuwa gaba da wani zuwa baya. A kowace mararraba, maimakon ta yanke zare kamar MEGAHIT, sai ta tambayi ma'aunin: wace hanya ce ta fi kama da danginmu? Dabarar neman hanya ta A* take amfani da ita, irin wadda ake nemo gajeriyar hanya da ita a taswirar gari. Wato dai baƙo ne ya shiga kasuwar Mile 12 da ɗan rakiya. Shi ya sa take iya ratsa wurin da zurfi ya yi ƙasa, ta fito da ƙwaya mai tsawo inda sauran suka kasa. A kan ƙwayoyin gado na rplB da nirK da nifH aka fi gwada ta, a ƙasar gona. A 2017 mutanen Jami'ar Hong Kong da suka yi MEGAHIT suka fitar da MegaGTA, tunani iri ɗaya, amma a kan matsatstsiyar taswirarsu kuma da k fiye da ɗaya, ta kuma kawar da wani aibi na matatar Bloom, wadda wani lokaci takan ce yanka yana nan alhali babu.

Sai dai ɗan rakiya inda ya sani yake kai mutum. Idan babu irin da ya yi daidai, tafiyar ba za ta fara ba. Idan ma'aunin an gina shi ne da ƙwayoyin asibitocin Turai, abin da ya yi kama da su za ta fi so, ko da wata hanyar ce ta gaskiya. Kuma da ta kai ƙarshen ƙwayar take tsayawa, ba ta gaya miki komai game da maƙwabta. Ga kuma wahalar girkawa, tsofaffin manhajoji ne, shirya musu fayilolin dangi kaɗai zai ci miki kwanaki.

Ta uku, tunda kin riga kin sha wahalar MEGAHIT, kada ki zubar da aikin. Zaren da ta ba ki a yanke yake, amma taswirar da ta yanko shi daga ciki tana nan da mararrabunta. Ki fitar da ita, ki buɗe da Bandage, ki nemi CTX-M a ciki, za ki ga gadar da idonki da hanyoyin da ke shiga da masu fita. PathRacer, daga mutanen SPAdes a birnin San Fitasbag, tana ɗora HMM a kan irin wannan taswira ta fitar da hanyoyin da suka fi maki. Akwai kuma PLASS ta 2019 mai haɗa furotin kai tsaye ba DNA ba. Tana kamo da yawa, amma ba ta dace da ke ba, don tambayarki a kan harafi ɗaya take rataye.

Bari in bayyana wannan, domin a nan ne aka fi yin ɓarna. CTX-M-3 da CTX-M-15 amino asid ɗaya ne ya raba su, a gurbi na 240, kuma wannan ɗayan ne ya ƙara wa ta biyun ƙarfi a kan maganin ceftazidime. NDM-1 da NDM-5 biyu ne suka raba su, gurbi na 88 da na 154. Tsakanin waɗannan gurabu biyu harafi 198 ne, ya fi tsawon gutsurenki. Idan ruwanki na da 'yan'uwa biyu, manhaja za ta iya ɗauko kan wannan ta manna da gindin wancan, ta miƙo miki wata halitta da babu ita a cikin kwalbar. Ni alfadari nake kiran irin wannan, uwa goɗiya uba jaki. Kuma duk hanyoyin nan uku suna haifarsa, mai bin HMM ma ta fi, domin burinta maki mafi girma, ba gaskiya ba. Xander kanta tana tace abin da ta haɗa da UCHIME don wannan dalili, amma idan iyayen sun yi kusa sosai, ba ya kama su.

Abin da ya ƙara rikita lamarin, akwai alfadarai na gaske. CTX-M-64 haɗin CTX-M-15 ce da CTX-M-14, bakteriya ce ta haɗa su ba kwamfuta ba. Saboda haka ba za ki ce duk gauraye ƙarya ne ba, kuma ba za ki ce kin gano sabuwa ba sai da shaida. Shaidar ita ce ki mayar da gutsattsarin kan abin da kika haɗa, ki buɗe da manhajar IGV, ki duba da ido. Duk wurare biyu da suka bambanta, akwai gutsure ɗaya ko tagwaye ɗaya da ya taka duka biyun? Idan akwai da dama, haɗin gaskiya ne. Idan babu, ki rubuta "dangin CTX-M-1" ki yi shiru, kada ki sa lamba. Na ga rubuce-rubuce da yawa da suka jera sunaye har da lambobi daga gajerun gutsattsari, kuma na san bayanan ba su kai su faɗi haka ba.

Wani gwaji mai arha da nake tilasta wa duk wanda ke aiki da ni: ki ɗauki CTX-M-15 da CTX-M-14 daga ma'ajiya, ki ƙirƙiri gutsattsarin ƙarya daga gare su da InSilicoSeq ko ART, a zurfi 2 da 5 da 20, ki bi da su ta duk matakan da za ki bi da na gaske. Kin san abin da kika zuba, sai ki ga abin da ya fito. A nan za ki san zurfin da hanyarki ke fara ƙarya.

Kuma ina fatan kin aika da kwalbar da babu komai a ciki sai ruwan gwaji, aka karanta tare da sauran. Na taɓa yin mako biyu ina murnar samun blaTEM, wata ƙwayar bijire wa magani, a kowane samfuri da na taɓa, har wanda aka ɗebo daga wuri mai tsabta, ina ta shirya yadda zan ba da labari. Ashe TEM-116 ce, wadda ke cikin filasmid ɗin da ake aiki da su a ɗakunan gwaji, kuma takan biyo sinadaran da ake saye. Kwalbar banza ce ta tona asirin, bayan na riga na faɗa wa mutane. Ba ki so ki ji irin wannan kunyar a gaban masu jarrabawa.

Idan za ki kwatanta yawa tsakanin wuri da wuri, kada ki ƙirga gutsattsari kawai, domin samfurin da saniya ta cinye rabinsa zai yi kamar ya fi tsabta. Ki raba zurfin ƙwayarki da zurfin wata da kowace bakteriya ke da kwafi ɗaya tak, kamar rplB. Wasu na rabawa da 16S, ƙwayar gadon da ake gane jinsin bakteriya da ita, amma E. coli kaɗai kwafi bakwai gare ta, wasu ɗaya, sai lissafin ya karkace. In kuma kina son sanin su wa ke cikin ruwan gaba ɗaya, phyloFlash za ta tsamo miki 16S ɗin ta gwada da ma'ajiyar SILVA, kuma kwamfutarki za ta iya.

Saura tambayar da ba ki yi ba, wadda na tabbata malaminki zai yi: a jikin wa ƙwayar take? Tana da muhimmanci, domin asalin CTX-M daga Kluyvera take, wata bakteriya da ba kasafai take damun kowa ba, kuma a can zaune take a gida ba ta yawo. CTX-M a jikin Kluyvera labari ɗaya ne, a kan filasmid cikin Klebsiella labari ne daban. Gajerun gutsattsari za su ba ki rabin amsa. Ki duba tagwayen da ɗayansu ke bakin ƙwayar, ki ga ina ɗayan ya faɗa. Idan 'yar tsallen nan ISEcp1 ce a gabanta, wadda ta saba rakiyar CTX-M-15, ko ISAba125 a gaban NDM, to mai yawo ce. Amma sunan mai gidan ba zai fito daga nan ba, gadar ta fi idonki tsawo. Injin MinION na Oxford Nanopore yana karanta dubban harufa a jere, ya ratsa gadar daga Oworonshoki har tsibiri a mota ɗaya, sai dai shi ma idan ƙwayar ba ta da yawa a ruwan, ba lallai ta faɗo ba, kuma filasmid zai nuna miki, ba lallai mai ɗauke da shi ba.

Da ni ne ke, tsohuwar hanya zan bi. Ki koma mayankar da sassafe lokacin da ake wanke-wanke, tunda 'yar gida ce ke ba mai hana ki, ki ɗebo sabon ruwa a sanyaya. Ki shuka shi a farantin rainon bakteriya na MacConkey mai maganin cefotaxime, wani kuma mai maganin meropenem. Duk abin da ya tsiro ya riga ya gaya miki ya bijire, abin da kwamfuta ba za ta taɓa tabbatar miki ba. Ki tsinci goma ko ashirin, ki gwada su da PCR, gwajin da ke nuna ko ƙwayar gadon tana jikinsu, ki aika uku ko huɗu a karanta kowacce ita kaɗai. A nan zurfin zai haura hamsin da kuɗi kaɗan, kuma SPAdes za ta haɗa kowacce a kan wannan kwamfutar taki mai RAM 16.

Manyan fayilolin kuwa, idan kin sami intanet mai ƙarfi a makaranta, ki ɗora su a Galaxy ta Turai da ke Jami'ar Freiburg, kyauta ne, metaSPAdes za ta gudu a can ko an ɗauke wuta a Agege. Amma ki fara da KMA tukuna. Ki turo mini lambobi biyun nan, faɗin rufi da zurfi, na CTX-M da na NDM, da kason da ya tafi ga saniya, sai mu san ta inda za mu ɓullo.